Teburin Tiredi a Zauren Gyara na Unguwa

A garuruwan ƙasar Holan akwai wata al'ada da ta kafu tun ranar 18 ga Oktoba 2009, lokacin da 'yar jarida Martine Postma ta shirya zaman gyara na farko a Amsterdam, ta sa masa suna Repair Café. Sau ɗaya ko biyu a wata ake buɗe zauren unguwa, masu aikin sa-kai su jera tebura, jama'a su yi ta shigowa da abin da ya lalace musu. Ba a karɓar kuɗin aiki, sai dai akwatin gudummawa da ke ajiye kusa da butar kofi, kuma ƙa'idar wurin ita ce mai kaya ya zauna a gyara tare da shi. Akwai teburin ɗinki, akwai na kekuna, akwai na kayan lantarki. A wasu zaurukan an ƙara wani tebur a lungu, aka ɗora masa firintar 3D, injin da ke narka roba yana gina abu da ita. Nan yara ke cincirindo, manya ma sukan leƙa, kowa na zaton injin ne gwanin. A ganina shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a kan teburin. Aikin gaske yana hannun mai awo, kuma saboda haka ne sana'ar ta fi dacewa da zauren jama'a a kan ɗakin mutum ɗaya.

Kayan da ke isowa wannan lungu kusan ciwonsu ɗaya ne. Sandar mofa da bakinta ya tsage, zoben da ke riƙe hular fitila, murfin filas, ƙafar tebur mai murɗawa, bakin tiyon ban-ruwa. Duk jikin abin lafiya lau yake, 'yar robar nan mai tiredi (haƙoran murɗawa) ce kawai ta fashe ko ta cinye, kamfani kuwa ba ya sayar da ita ita kaɗai. A duba fankar tsaye. Injinta na iya shekara goma bai yi tari ba, amma notin robar da ke riƙe fukafukanta ya tsage, ta koma sai karkarwa da ƙara. Sabon shiga zai auna notin, ya zana shi a kwamfuta, ya jira a buga, ya ɗora shi a kan sandar ya yi ta murɗawa ya ƙi kamawa. Tsohon hannu da ke gefe ba sai ya taɓa ba ya san dalili: a yawancin irin waɗannan fankoki tiredin notin gaba na hagu ne, an yi shi haka don juyin fukafukan ya riƙa ƙara ɗaure shi maimakon kwance shi. Gyaran zanen bai wuce danna maɓalli ɗaya a juya shi ba. Sanin cewa a juya ɗin kuwa babu injin da ke bayar da shi.

Shi injin ba sabon abu ba ne. Scott Crump ne ya ƙirƙiro dabarar a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, amma ta zauna a manyan masana'antu har haƙƙin mallakarta ya ƙare a 2009. Kafin nan, a 2005, Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara shirin RepRap, wanda ya saki zanen injin kyauta ga duk mai so, kuma daga wannan tsatso ne injinan gida masu araha suka yaɗu. Yadda yake aiki babu wuya: zaren roba mai kaurin milimita 1.75 yana shiga wani baki mai zafi kusan digiri 200, ya fito ta ƙofa mai faɗin milimita 0.4, ana shimfiɗa shi hawa-hawa kamar yadda mai ginin tukunya ke ɗora laka a kan laka. Kowane hawa yawanci milimita 0.2 ne, kuma a nan iyakarsa take. Ƙaramin sukuru na M3 tazarar da ke tsakanin haƙoransa rabin milimita ce, wato hawa biyu da rabi, abin da ba zai ba da haƙori mai kama ba. Sa'ar da aka yi ita ce kayan gida na roba galibi tiredinsu manya ne masu faɗin tazara, irin waɗanda injin ke iya fitarwa da kyau.

To amma wane tiredi? Wannan tambaya ce ke cinye rabin yinin mai teburin. Tun 1841 Joseph Whitworth ya tsara wa Ingila tiredi mai kusurwar digiri 55, kuma har gobe shi ne a jikin kayan famfo na ƙasashe da dama, Turai a ciki. Tsarin mita da ake amfani da shi a noti da bolti kusurwarsa digiri 60 ce. A ido kusan ɗaya suke, a murɗawa kuwa sai su kama zagaye ɗaya ko biyu su cije. Akwai kuma tarkon suna: bakin famfon da ake kira rabin inci, idan aka auna tiredinsa ta waje kusan milimita 21 ne, da haƙori 14 a kowane inci, don sunan ya samo asali ne daga faɗin cikin bututu. Waɗannan ma masu sauƙi ne tunda suna cikin littafi. Masu wahalar su ne waɗanda kamfani ya ƙago wa kansa, babu su a kowane jadawali. Nan za ka ga mai awo ya ɗauki ma'aunin kauri ya auna faɗi, sannan ya auna tsawon haƙora biyar ko goma a tare ya raba, domin awon haƙori ɗaya kuskurensa yawa gare shi. Idan tiredin a cikin rami yake, sai ya danna ɗan ƙullin laka a ciki ya ciro hotonsa. Zai leƙa bakin ya ƙirga mafari nawa ne, don murfin kwalba da yawa tiredi biyu ko uku ne ke tafiya tare. Bayan duk wannan sai ya bar 'yar rata ta kusan milimita 0.2 zuwa 0.4 tsakanin na ciki da na waje, saboda roba na ɗan bajewa idan ta fito da zafi. Kuma ba ya buga abin gaba ɗaya da farko. Ɗan siririn zobe yake fitarwa na gwaji, mai kaya ya murɗa da hannunsa ya faɗi ko ya yi tsauri ko ya yi sako-sako.

Ko an dace da awo, da saura. Abin da aka gina hawa-hawa ya fi rauni a mahaɗar hawan, don haka bolti da aka buga a tsaye tiredinsa kan fito tsaf amma ya karye a wuya da zarar an matsa, wanda aka buga a kwance kuma ya yi ƙarfi amma haƙoransa su fito a gurguje. Robar PLA, wadda ta fi sauƙin bugawa, tana fara laushi a wajen digiri 60, zafin da cikin mota a rana ko injin wanke kwanuka ke kaiwa. PETG takan jure har kusan 80. Inda za a riƙa ɗaurewa da kwancewa kullum, masu gogewa ba sa buga tiredi sam: rami suke bari, su nutsa ɗan notin tagulla a ciki da ƙarfen narka dalma irin na masu gyaran rediyo.

Mai suka na farko zai ce wannan wahala ce da ba ta biyan kanta, a kashe awa biyu a kan robar da ba ta kai kuɗin kofi ba. Idan mutum ɗaya ne ya sayi injin na ɗaruruwan Yuro, ya koyi zane a manhajar FreeCAD ko OpenSCAD don notin fanka ɗaya, mai sukar ya yi gaskiya. Tsadar aikin hannu ce ma ta sa masu gyaran ƙananan kaya suka yi ƙaranci a Turai, abin da mazaunin Kano ko Damagaram, da ke da mai gyara a bakin kowace kasuwa, zai ji kamar almara. Amma lissafin yana sauyawa a zaure. Kilo ɗaya na zaren roba kusan Yuro 20 ne, noti kuwa 'yan giram kaɗan yake ci, don haka kuɗin yana cikin awo da zane ne, su kuma sau ɗaya ake yin su. Zanen da aka gama yau yana nan a kwamfuta don mai irin fankar da zai zo wata mai zuwa, kuma idan aka ɗora shi a rumbunan intanet irin su Thingiverse ko Printables, wani a wata nahiya zai sauke ya buga cikin rabin awa. Injin da ke ɗakin mutum ɗaya yawancin kwanakinsa a rufe yake yana shan ƙura. Na zaure unguwa guda yake yi wa aiki.

Suka ta biyu ta fi nauyi, wato ta haɗari, kuma ban ga dalilin rage mata ƙarfi ba. Abin da aka buga yana da ƙananan tsagogi tsakanin hawa inda datti ke maƙalewa, bai dace da kwalbar jariri ko murfin da ke taɓa abinci kullum ba. Bai dace da bakin tukunyar gas ba, ko tukunyar girki mai matsin tururi, ko famfon da ke cikin bango inda yoyo zai yi wata ba a gani ba, ko duk abin da nauyin mutum zai rataya a kansa. Sai dai wannan sukar hujja ce a kan mai bugawa shi kaɗai, wanda ɗokin sabon inji ke sa ya ga komai abin bugawa ne. A zaure akwai tsohon mai aikin famfo a tebur na gaba da zai ɗago kai ya ce a'a, a je shago a sayo na tagulla. Teburin da ya san aikinsa yakan mayar da mutane da wannan amsa sau da yawa.

Wasu kuma na ganin masu sa-kai suna ɗauke wa kamfanoni nauyin da ke kansu ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma doka ta fara motsi. Tun Maris 2021 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera firji, talabijin, injin wanki da na wanke kwanuka su ajiye kayan gyara na shekara 7 zuwa 10, sannan dokar haƙƙin gyara ta 2024 ta hana su toshe wa masu gyara masu zaman kansu amfani da sassan da aka buga da firintar 3D, muddin sun cika ƙa'idojin lafiya. Amma jerin kayan da dokar ta shafa bai haɗa da fankar tsaye ba, balle fitilar tebur, filas ko sandar mofa, su ne kuwa ke cika teburin lungu. Kamfanoni ƙalilan sun taɓa gwadawa da kansu: Miele ya saki zanen wasu 'yan kayan haɗi kyauta a 2020, Philips ya fara nasa a 2025 da matajin injin aski. Abin da masu awo ke buƙata bai ma kai zane ba. Layi ɗaya ne a takardar bayanin kaya, mai nuna faɗin tiredi, tazarar haƙoransa, da ko na dama ne ko na hagu, kuma kamfanin da ya zuba robar a mazubi yana da waɗannan lambobi a ajiye tun ranar da ya zana ta.