Ƙarin da ke cin gani daga gefe, da aikin da ake yi masa ta hanci

Akwai wata irin makanta wadda ba a ido take farawa ba. Mutum na ganin abin da ke gabansa sarai, har ya karanta jarida, amma abin da ke dama da hagu sai ya riƙa ɓace masa sannu a hankali. Ɗan kabu-kabu ba ya hango mai ɓullowa daga gefe, uwargida na yawan buge kafaɗa da ƙyauren ɗaki. A sayi tabarau a kasuwa, a ɗiga magani, shiru. Wani lokaci tushen abin yana can cikin kai.

A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai bayan hanci, akwai wata ƴar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, likitoci na ce mata ipofiz. Ita ce ke aika sinadaran da ke tafiyar da girman jiki, al'adar mata, ruwan nono da kuzari. Ƙari kan fito mata, kuma galibi ba kansa ba ne. Wani ƙarin yakan zuba sinadari fiye da kima, sai jiki ya tona asirinsa da wuri. Wanda muke magana a kai ba ya zuba komai. Girma kawai yake yi, ba a ankara ba sai ya haura santimita 1, har ya kai ga danne mahaɗar jijiyoyin gani da ke bisansa. A mahaɗar nan ne jijiyoyin da ke ɗauko hoton gefe ke gittawa, shi ya sa ganin gefe ke fara tafiya. Akan haɗa da ciwon kai, kasala, ɗaukewar al'ada ko raunin mazakuta, abubuwan da mukan ɗora wa gajiya ko sammu.

Awon faɗin gani wurin likitan ido, awon jini da hoton IRM ne ke tabbatar da shi. Awon jinin ba na wasa ba ne, domin akwai ɗan'uwansa mai zuba sinadarin nono, wanda ƙwayoyi irin su kabergolin ke motsar da shi ba tare da wuƙa ba. Shi kuwa wannan, ƙwaya ba ta cika yi masa komai ba. In ƙarami ne, bai taɓa jijiya ba, sai a sa masa ido. In ya soma cin gani, sai aiki.

To, a nan ne hankalin dangi ke tashi, don da an ce aiki a kai, sai a ɗauka fasa ƙoƙo za a yi. A mafi yawan lokuta ba haka ba ne: ta hanci ake bi. Hermann Schloffer ne ya fara bin wannan hanya a ƙasar Ostiriya a 1907. Daga baya aka yi kusan watsi da ita, sai Gérard Guiot a Faransa da almajirinsa Jules Hardy a Kanada suka farfaɗo da ita, Hardy ya shigo da madubin ƙara girma a shekarun 1960. Tun shekarun 1990 kuma ana zura siririn bututu mai kyamara. Likita ya ratsa kogon ƙashin da ke bayan hanci, ya buɗe ɗan gurbin da ipofiz ke zaune, ya kwashe ƙarin kaɗan-kaɗan. Ba tabo a fuska.

Yawancin waɗanda aka yi wa aikin ganinsu na gyaruwa, wasu cikin ƴan kwanaki. Amma jijiyar da ta daɗe a danne har ta mutu ba ta dawowa, kuma a ganinmu watannin da ake ɓatawa ana yawon neman magani sun fi aikin kansa haɗari.

Ba mu ce aikin ba shi da nasa ba. Ruwan ƙwaƙwalwa na iya ɗiga ta hanci. Wani kan yi fama da ƙishirwa da yawan fitsari, galibi na ɗan lokaci. Wani kuma sai ya riƙa shan ƙwayoyin da ke maye gurbin sinadaran da ya rasa, har tsawon rai. In an bar saura, yana iya sake tsirowa bayan shekaru, don haka ana maimaita hoton IRM, wani lokaci a ƙara da gashi.

Sai abu guda da ba ya jiran safiya: ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, da amai, da dushewar gani ko ganin abu biyu-biyu. Yana iya zama jini ne ya zuba cikin ƙarin. A ɗauki marar lafiya zuwa babban asibiti nan take.