Manhaja Ma Ana Koyonta a Gaban Gwani

Duk mun san yadda yaro ke koyon ɗinki. Yakan fara da sa maɓalli da guga, maigidansa yana dubawa yana gyara masa, har ranar da za a miƙa masa almakashi. A duniyar kwamfuta ma akwai irin wannan koyo, sai dai shagon yana kan intanet, maigidan kuma yana iya kasancewa a Indiya ko Jamus.

Wurin da aka fi samun wannan dama shi ne buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, irinta ce, kuma a kanta aka ɗora Android da ke cikin wayoyin yawancinmu. Manhajar da ke tafiyar da Wikipedia ma haka take.

To, tunda ƙofa a buɗe take, kowa ne ke shiga? A'a. Wani bincike da kamfanin GitHub ya yi a 2017 ya nuna cewa kashi 95 cikin ɗari na waɗanda suka amsa tambayoyinsa maza ne, mata kuwa kashi 3 kacal. Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Idan masu gina manhaja duk iri ɗaya ne, sukan manta da makaho, da mai raunin intanet, da wanda ba ya jin Turanci.

Cikin masu ƙoƙarin gyara lamarin akwai CHAOSS, wani aiki da aka kafa a 2017 a ƙarƙashin gidauniyar Linux domin auna lafiyar ƙungiyoyin masu gina manhaja. A 2020 suka fara ba tarurrukan fasaha lambar shaida idan sun nuna suna damawa da kowa. Akan tambayi masu shirya taro: kuna da rubutacciyar ƙa'idar da ke hana cin zarafi? Kun sauƙaƙa kuɗin shiga ga marasa hali? Iyaye masu ƙananan yara za su iya halarta?

Ga inda aikin sarrafa kai ya shigo. Masu taro sukan cike takardar nema a intanet. Daga nan wata ƙaramar manhaja mai aiki da kanta, wadda ake kira bot, takan miƙa wa masu dubawa jerin abubuwan da za su tantance, sannan ta haɗa sakamakonsu ta fitar da matakin da taron ya samu, mafi girma shi ne zinariya, sai azurfa. Mutane ne ke yin hukunci, bot kuwa tana ɗauke musu wahalar lissafi da kai-komo. Abin da zai burge mu shi ne, masu koyo da suka shigo ta shirye-shiryen horarwa suna cikin waɗanda suka gina wannan tsari.

Shirye-shiryen nan biyu ne suka fi shahara. Google Summer of Code ya fara a 2005, yana haɗa sabon shiga da gogaggen jagora, a kuma biya shi. Outreachy kuwa an ware shi ne ga waɗanda ba a cika ganinsu a harkar fasaha ba. Ya samo asali daga shirin jawo mata na ƙungiyar GNOME, ya ɗauki wannan suna a 2015. Horon na wata uku ne, kuma daga gida ake yin sa. Kafin a zaɓi mutum sai ya fara ba da gudummawa ga aikin da yake so, don a ga ƙwazonsa.

Yaya koyon yake? Jagora yakan nuna wa ɗalibi ƙaramar matsala, kamar kuskure a takardar bayani. Ɗalibin ya gyara ya tura, a duba, wani lokaci a dawo masa da shi sau biyu ko uku. Wannan ba wulaƙanci ba ne, haka ake yi wa manyan gwanaye ma. Wanda ya yi fushi da gyara ba ya daɗewa, wanda kuma ya ji kunyar tambaya yakan ɓata mako a kan abin da za a warware masa cikin minti biyar.

Duka shirye-shiryen biyu sai mai shekara 18 zuwa sama, don haka da yawanmu da saura. Amma shiri tun yanzu ake fara shi. Mai shekara 13 yana iya buɗe asusu a GitHub ya ga yadda ake aiki. Muna iya koyon Python a ɗakin kwamfuta na makaranta. Muna kuma da abin da gwanayen waje ba su da shi, wato Hausa: Wikipedia ta Hausa tana buƙatar masu rubutu da gyara. Sannan ba sai mun leƙa nesa ba, domin CHAOSS tana da reshen Afirka, kuma ƙungiyar She Code Africa, wadda Ada Nduka Oyom ta kafa a Najeriya, tana horar da mata a fannin.

Ba mu ce babu cikas ba. Akwai tsadar data, akwai rashin wuta, akwai kuma masu ce wa 'yan mata wannan ba hurinsu ba ne. Shi ya sa muke ba da shawara ɗalibai uku ko huɗu su haɗu, su nemi malamin kwamfuta ya zama jagoransu na farko, su zaɓi gyara ɗaya su kammala shi kafin hutun zangon nan. Da sa maɓalli tela ya fara.