Wa Ke Zaɓar Labarin da Ke Isa Wayar Mutumin Maje?

Ranar Asabar 18 ga Janairun 2025, wata tankar mai ɗauke da lita 60,000 ta fetur ta kife a mahaɗar Dikko da ke Ƙaramar Hukumar Gurara a Jihar Neja, daga baya wuta ta tashi a lokacin da jama'a suka taru suna kwasar man da ya malale. Adadin mamatan da hukumomi suka bayar ya kai 86, sannan ya haura zuwa 98 cikin 'yan kwanaki.

Tsakanin Dikko da Maje, inda defon mai na Suleja yake, tafiya ce ta ɗan lokaci kaɗan, kuma hanya ɗaya ce tankoki ke bi dare da rana. Amma ga mutane da yawa a Maje, kamar sauran sassan ƙasar, labarin ya fara shigowa ne ta waya, kafin a kai ga labaran rediyo. Kuma ba salo ɗaya ya shigo da shi ba. Wani abin da ya cika masa waya shi ne masu ɗora laifi kan talaucin da ya ƙaru bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Maƙwabcinsa kuwa ya fi cin karo da masu zargin ganganci da rashin jin gargaɗi, wani kuma masu kukan lalacewar hanya. Kowanne daga cikin waɗannan bayanai akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, kuma kowanne akwai ɓangaren siyasar da yake yi wa daɗi.

Duk lokacin da aka tayar da maganar son kai a kafafen yaɗa labarai, ɗan jarida ake fara nuna wa yatsa, sai mai gidan jarida. Zargin ba sabo ba ne. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, kuma daga cikin dalilan kafa ta har da toshe bakin jita-jita a daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ke ƙaratowa. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa New Nigerian a 1966. Sai a 1992 doka ta kafa hukumar NBC, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar mallakar rediyo da talabijin. Daga nan aka samu yawan muryoyi, aka kuma samu sojojin baka, masu sayen fili a rediyo domin kare ubangida da yi wa abokin hamayya kaca-kaca. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Jihar Neja ma ta ɗanɗana nata rabon. A farkon Agustan 2025 aka samu labarin cewa Gwamna Mohammed Umaru Bago ya ba da umarnin rufe gidan rediyon Badeggi FM da ke Minna, bisa zargin tunzura jama'a. Ƙungiyoyin 'yan jarida da na lauyoyi suka yi tir da matakin, shi kuma Ministan Yaɗa Labarai, Mohammed Idris, wanda ɗan jihar ne, ya tunatar da cewa NBC ce kaɗai doka ta bai wa ikon dakatar da lasisin gidan rediyo.

Abin lura a wannan taƙaddama shi ne, duk zafinta, an san waɗanda ke cikinta. Akwai gwamna, akwai mai gidan rediyo, akwai hukumar da za a kai wa ƙara, akwai kotu. Dokar Zaɓe ta 2022 ma ta hana amfani da kafafen gwamnati wajen fifita wata jam'iyya, ta kuma wajabta raba lokaci daidai tsakanin 'yan takara. Mai zaɓar labarin da ke fitowa a fuskar waya kuwa ba ya zaune a Minna ko Abuja, kuma ba edita ba ne.

Duk wanda ya buɗe Facebook ko TikTok ko X, akwai dubban rubuce-rubuce da bidiyo da za a iya nuna masa, alhali fuskar waya ba ta ɗaukar fiye da ɗaya ko biyu a lokaci guda. Dole a tankaɗe. Abin da ke yin tankaɗen shi ne jerin umarnin lissafi da masu rubuta manhaja suka tsara, wanda ake kira algoridim. Aikinsa shi ne ya ba kowane rubutu maki, ta hanyar hasashen ko mai wayar zai tsaya ya kalla, ko zai yi sharhi, ko zai tura wa wani. Wanda ya fi maki shi ke hawa sama. Rariya ce, kuma wanda ya huda ta shi ya yanke girman abin da zai wuce.

Mai rubuta manhajar ba lallai ne ya taɓa jin sunan APC ko PDP ba. Abin da kamfani ya ɗora masa shi ne ya riƙe mutum a kan manhaja gwargwadon iko, domin daga tallace-tallace kuɗi ke shigowa. Sai dai lambar da ya rubuta tana da sakamako a siyasa. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin motsin rai, ciki har da fuskar fushi, maki biyar, alhali alamar “so” maki ɗaya take samu. Ma'ana, rubutun da ya fusata mutane ya fi samun damar yaɗuwa. Daga baya kamfanin ya rage makin fushin har ya mayar da shi sifili, bayan masu bincikensa sun gano cewa irin waɗannan rubuce-rubuce sun fi ɗauke da ƙarya da cin zarafi.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan gobarar Dikko, ba sai an yi dogon lissafi ba. Bayanin jami'in kiyaye haɗurra kan haɗarin kusantar tankar da ta kife ba ya tayar da jijiyar wuya. Bidiyon da ke zagin gwamnati, ko wanda ke zagin mamatan, shi ke jawo martani, martanin kuma shi ke ƙara masa maki. Ba a ƙirƙiri ƙarya ba, ba a kuma hana kowa magana ba, amma an fifita murya mafi zafi.

Wani lokaci karkatar takan fito fili a lissafi. A 2021 masu binciken Twitter da kansu suka wallafa nazari kan ƙasashe bakwai, suka gano cewa a shida daga ciki, tsarin tankaɗen kamfanin ya fi ɗaukaka saƙonnin 'yan siyasa masu ra'ayin riƙau a kan na masu sassaucin ra'ayi. Jamus ce kaɗai ta fita daban. Kamfanin ya amsa cewa bai san takamaiman dalilin hakan ba. Wannan amsa ta cancanci a tsaya a kanta, domin manhajojin yanzu ba a rubuta musu kowace ƙa'ida da hannu. Ana ba su tarin bayanan abin da mutane suka yi a baya ne, su koyi hasashe daga ciki, har ta kai wanda ya gina su ba ya iya bayyana kowane hukuncin da suka yanke.

Ga mai jin Hausa akwai ƙarin matsala, wato harshe. Waɗancan takardu na Haugen sun nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na abin da Facebook ya ware domin tantance labaran ƙarya a Amurka yake ƙarewa, sauran duniya kuma ta raba kashi 13. A 2018, binciken BBC kan rikicin Jihar Filato ya nuna yadda aka yaɗa hotunan da ba su da alaƙa da rikicin, har da wanda aka ɗauka a wata ƙasa shekaru kafin nan, kuma a lokacin masu tantance labarai huɗu ne kacal ke yi wa Facebook aiki na cikakken lokaci a Najeriya, babu mai jin Hausa a cikinsu. Sai a 2019 aka faɗaɗa aikin tantancewar ya haɗa da Hausa da Yarbanci da Ibo, tare da ƙungiyar Africa Check.

Na'urar da ba a koya wa harshe sosai ba tana kuskure ta fuska biyu. Bahaushe yana kashe kuɗi, yana kashe wuta, yana kashe ƙishirwa, aboki ma yakan kashe shi da dariya, kuma duk waɗannan na iya zama barazanar kisa a idon manhajar da ta haddace ma'ana ɗaya. A ɗaya ɓangaren, habaici da zambo da gugar zana, waɗanda su ne makaman siyasar Arewa tun zamanin NEPU da NPC, sukan wuce salin-alin, domin babu kalmar zagi ko ɗaya a cikinsu. Ga kuma yadda ake rubutu a waya ba tare da ƙugiya ba: kalmar “fada” kaɗai tana iya nufin gidan sarki, ko rikici, ko furta magana, ko afkawa cikin rami. Sannan akasarin siyasar Hausa a intanet da baki ake yin ta, a bidiyo da saƙon murya na WhatsApp, inda tantancewa ta fi wuya.

Duk wannan yana faruwa ne a tsakiyar gogayyar fasaha tsakanin Amurka da Sin, wadda wayar mutumin Maje take ɗauke da ita ba tare da ya sani ba. Idan Tecno ce ko Infinix ko itel, ta kamfanin Transsion ce da ke birnin Shenzhen, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar wayoyin zamani a Afirka. Manhajar Android da ke tafiyar da ita ta Google ce. Facebook da WhatsApp na Meta ne, TikTok kuma na ByteDance na ƙasar Sin. A daren ranar da wuta ta tashi a Dikko ne TikTok ya daina aiki na wasu sa'o'i a Amurka, saboda dokar da ta tilasta sayar da shi ko haramta shi. Hujjar 'yan majalisar Amurka ita ce, bai kamata wata ƙasa ta riƙe rariyar da ke tace abin da 'yan ƙasarsu ke gani ba. Hujja ce da ta shafi Najeriya fiye da yadda ta shafi Amurka, tunda babu ɗaya daga cikin manyan dandalin da yake na gida.

Kwana tara bayan nan, ranar 27 ga Janairu, darajar hannun jarin kamfanin Nvidia ta faɗi da kusan dala biliyan 590 a yini ɗaya, bayan kamfanin DeepSeek na Sin ya fitar da manhajar ƙirƙirarriyar basira da ya ce ya gina da kuɗi kaɗan. Nan ma batun son kai ya biyo baya. DeepSeek yakan kauce wa tambaya kan abin da ya faru a dandalin Tiananmen a 1989, su kuma manhajojin Amurka masu ra'ayin riƙau na can suna zarginsu da karkata ga abokan hamayyarsu.

Najeriya ta taɓa gwada ƙarfi. Bayan Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, gwamnati ta dakatar da shi daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, kwana 222. Wasu hukumomi suka koma dandalin Koo na Indiya, jama'a da dama kuma suka zagaye shingen da manhajar VPN. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Yulin 2022 cewa dakatarwar ta saɓa doka, Koo kuma ya rufe baki ɗaya a 2024. Rufewar ba ta sauya ko layi ɗaya na lissafin da ke tace labarai ba.

Hanyar da ta fi kusa da tushen matsalar ita ce neman a bayyana yadda rariyar take. Dokar Tarayyar Turai kan ayyukan intanet ta tilasta wa manyan dandali bayyana muhimman ma'aunan da suke amfani da su, da ba mai amfani zaɓin jerin labaran da ba a gina kan bibiyar halayensa ba. A nan gida, daftarin ƙa'idar da hukumar NITDA ta fitar a Yunin 2022 ya ƙunshi tanadin cewa mai amfani ko hukuma na iya neman babban dandali ya bayyana dalilin da ya sa ake nuna wa mutum abin da ake nuna masa.

Ɗaya hanyar kuma ita ce samar da masu rubuta manhaja da suka tashi cikin harshen. Shirin 3MTT da Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, ya ƙaddamar a 2023 yana da burin horar da mutum miliyan uku, kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ta daɗe tana yaye ɗalibai a fannin kwamfuta. Masu bincike na ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP sun yi aikin da ba a cika gani ba, irin su NaijaSenti na 2022, inda aka bi dubban saƙonnin Twitter na Hausa ɗaya bayan ɗaya ana yi musu alamar yabo ne, suka ne, ko tsaka-tsaki. A Satumban 2025 gwamnati ta ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar harshe mai aiki da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Najeriya, tare da kamfanin Awarri. An gina ta ne a kan Llama, wato manhajar Meta.

Ko da ɗan Maje ne ya zauna a kan kwamfutar, son kai ba zai gushe ba don haka kawai. Wanda ke yi wa jimla alamar “tunzurawa” ko “suka mai ma'ana” yana yanke hukunci ne irin wanda aka yi jayayya a kansa a batun Badeggi FM, kuma shi ma yana da jam'iyya da addini da gari. Sannan sai an yanke Hausar wa za a koya wa na'urar: ta Kano, ko ta Sakkwato, ko ta Suleja, inda Hausar Zazzau ta daɗe tana cuɗanya da Gbagyi da Koro. Bambancin shi ne, wannan ma'aikaci zai gane habaici idan ya gan shi, kuma idan kamfaninsa a Najeriya yake, akwai ofishin da za a kai masa takardar sammaci kafin zaɓen 2027.