Manhajar waya da sankarar mama: me za ta yi wa matan Bauchi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata fiye da 28,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya a 2020, kuma galibinsu ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya ci jiki. Kunya da tsoro na cikin dalilai.

A nan ne waya ke da amfani. Gidauniyar Know Your Lemons ta ƙirƙiro manhaja mai nuna alamomin cutar 12 a jikin lemon tsami, ba tare da hoton tsiraici ba. Tana koya wa mace yadda za ta duba kanta, tana kuma tuna mata duk wata. Wannan dabara ta dace da tarbiyyarmu ƙwarai.

Sai dai mace a unguwar Wunti ko Yelwa a Bauchi wadda ba ta karatun boko, ko wayarta ƙarama ce, saƙon murya da Hausa take buƙata. Kuma manhaja ba ta tabbatar da cuta. Duk wadda ta ji ƙullutu, ta garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a gwada ta.