Ɓari a Garke: Musabbabansa da Haɗarinsa ga Masu Kiwo da Masu Ci

Saniya tana goyon ciki na wata tara da 'yan kwanaki, wato kimanin kwana 280 zuwa 285. Tunkiya da akuya wata biyar suke yi, raƙuma kuwa takan kai wata 13. Idan ɗa ya fito kafin lokacinsa, a mace ko da ran da ba zai ɗore ba, shi ne ɓari. Ba kowane ɓari ne abin tayar da hankali ba. Tunkuyi, ko duka, ko doguwar tafiya cikin tsananin rana na iya sa dabba ɗaya ta zubar da ciki, sauran garken kuma lafiya lau. Amma idan biyu ko uku suka yi ɓari a jere cikin 'yan makonni, ruwa ba ya tsami banza. Likitocin dabbobi sukan fara zargin abu uku: cuta mai yaɗuwa, yunwa, ko maganin da aka bayar ba bisa ƙa'ida ba.

A cikin cututtukan, wadda ta fi shahara ita ce bakkale, wadda likitoci ke kira burusela. Sunan burusela ya samo asali ne daga David Bruce, likitan sojan Birtaniya da ya gano ƙwayar cutar a 1887 a saifar sojojin da wani zazzaɓi ya kashe a tsibirin Malta. An daɗe ba a san ta inda take shiga jikin mutum ba, sai a 1905 wani likita ɗan tsibirin mai suna Themistocles Zammit ya gano cewa awakin da ake zagayawa da su ƙofa-ƙofa ana tatsa ne ke ɗauke da ita. Da aka hana sojoji shan ɗanyen nonon akuya, sai zazzaɓin ya ja baya ƙwarai a barikinsu. A can Denmak kuma, likitan dabbobi Bernhard Bang ya riga ya gano a 1897 wata ƙwayar cuta da ke sa shanu ɓari. Sai a 1918 wata masaniya Ba'amurkiya, Alice Evans, ta nuna cewa ƙwayoyin nan biyu 'yan gida ɗaya ne. Daga nan aka fahimci cewa ɓarin saniya da zazzaɓin mai ita suna iya zama cuta guda.

Ƙwayar bakkale tana son mahaifa fiye da ko'ina a jikin dabba, domin akwai wani nau'in sukari a mabiyiyar shanu da tumaki da awaki wanda ke sa ta hayayyafa. Tana lalata hanyar da abinci ke bi daga uwa zuwa ɗa, shi ya sa ɓarin ke zuwa a ƙarshen ciki, galibi daga wata na shida zuwa na takwas a shanu. Sau da yawa mabiyiya takan maƙale ta ƙi faɗowa, ta ruɓe a ciki, saniya ta yi ta zubar da ruwa mai wari, nononta ya ragu, ta daɗe ba ta sake ɗaukar ciki ba. Alamar da makiyaya suka fi sani ita ce kumburin gwiwa, wani ƙullutu mai ruwa-ruwa da ke fitowa a gaɓoɓin dabbar da ta daɗe da cutar. A bijimi kuwa maraina ne ke kumbura.

Abin da ke yaudarar mai shanu shi ne, yawancin shanun da suka kamu sau ɗaya suke ɓari. A ciki na gaba saniya ta haifi maraƙinta da rai, sai a ce ta warke. Ba ta warke ba. Ƙwayar tana nan a hantsarta da kaluluwarta, tana fita a nono, tana kuma fita da ɗimbin yawa duk lokacin da ta haihu. Irin wannan saniya ce akan kai kara a sayar da ita da araha, mai saye ya ɗauka ya yi tsintuwa, ya kai ta cikin garkensa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yadda cutar ke yaɗuwa a ruga abu ne da ido ke gani. Karsana ta yi ɓari da asuba a gefen garke. Kafin makiyayi ya ankara, shanu biyu ko uku sun zo sun shinshina ɗan, sun lashe shi, kamar yadda ɗabi'arsu take. Ruwan haihuwa ya jiƙa ciyawar wurin. Yaro ya ɗauki ɗan da hannu ya jefa bayan ruga, kare ya ja mabiyiya ya bi da ita ta makiyaya har bakin mashaya. Cikin awa guda cutar ta sami hanya huɗu. Rana mai zafi tana kashe ƙwayar da wuri, amma a inuwa, cikin danshi da laka da taki, takan yi watanni da ranta. Haɗuwar garkuna a mashaya da burtali, da aron bijimi don barbara, suna ƙara mata tafiya.

Mutum yana kamuwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce taɓa ɗan da aka yi ɓarinsa, ko mabiyiya, ko jini, musamman idan akwai tsaga ko ƙujewa a hannu. Haka kuma idan ruwan ya fantsama a ido ko baki. Shi ya sa makiyaya, mahauta, masu wankin kayan ciki da malaman dabbobi suka fi kowa shiga haɗari. Ta biyu ita ce nonon da ba a tafasa ba, da man shanu ko cukun da aka yi da shi. Akwai masu ganin tsami yana kashe komai; bincike ya nuna ƙwayar na iya yin kwanaki a cikin nono mai tsami. Wasu masu tatsa suna tafasa madara kafin su kwantar da kindirmo, wasu ba sa yi, mai shan fura kuma ba shi da hanyar bambancewa da harshe. A masana'anta ana ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. A gida, a bar ta ta tafasa sosai ya wadatar.

A jikin mutum bakkale ba ta da wata alama tata ta kanta. Zazzaɓi ne mai zuwa ya tafi, ya fi tashi da yamma, da zufa mai jiƙa shimfiɗa cikin dare, ciwon baya da gaɓoɓi, kasala da rama. Wasu maza maraina kan kumbura musu. Mai wannan hali yakan sha maganin zazzaɓin cizon sauro, ya koma na taifot, ya sake komawa, watanni suna wucewa. Ba kowane asibiti ne ke neman cutar ba sai an tuna masa, saboda haka yana da kyau majinyaci ya faɗa wa likita cewa yana hulɗa da dabbobi, ko an yi ɓari a garkensu. Tana jin magani, amma na haɗin ƙwayoyi biyu ne da ake sha har sati shida ko fiye. Wanda ya daina da zarar ya ji sauƙi, takan dawo masa.

A dabba kuwa allura ba ta raba ta da cutar, domin ƙwayar tana ɓuya ne a cikin ƙwayoyin halittar jiki inda magani ba ya cim mata sosai. Ƙasashen da suka rabu da bakkalen shanu, irin su Ostiraliya da ta kammala a 1989, sun yi haka ne ta rigakafi, da gwajin jini, da yanka duk wadda aka samu da ita tare da biyan diyya ga mai ita. Ba tare da diyyar ba, da wuya makiyayi ya miƙa saniyar da ya gada. Gwajin kansa ba shi da wahala: ana haɗa ɗigon ruwan jini da wani ruwa mai launin ja-ja a kan faranti, cikin minti huɗu a ga ko ya yi gudaji. Ana yin irinsa a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, da tsangayoyin likitancin dabbobi na jami'o'i irin ta Ahmadu Bello a Zariya. Allurar rigakafi ta S19 ana yi wa maruƙa mata ne 'yan wata 3 zuwa 8. Ƙwaya ce mai rai da aka raunana, don haka idan aka yi wa mai ciki tana iya sa ta ɓari, idan kuma ta soki mai yin allurar tana iya sa masa cutar. Aikin ƙwararre ne.

Ba bakkale kaɗai ke kawo ɓari ba. Sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa yana yi. Akwai wata cuta da ke fita a kashin kyanwa, wadda tumaki da awaki ke ɗauka idan kyanwa ta ɓata musu dusa, tana kuma iya illata ɗan da ke cikin mace. Akwai zazzaɓin Rif Bali, wanda aka fara bayyana shi a Kenya a farkon shekarun 1930. Sauro ne ke kawo shi bayan ruwa mai yawa, sai a ga tumaki suna ta ɓari lokaci guda, 'yan raguna suna mutuwa. A 2016 ya ɓulla a jihar Tawa ta Nijar, ya kashe dabbobi da mutane, akasarinsu makiyaya. Saboda irin waɗannan ne ake hana mace mai juna biyu karɓar haihuwar dabba ko share turken da aka yi ɓari.

Matakin da ya dace bayan ɓari iri ɗaya ne ko wace cuta ce. A ware uwar daga sauran har sai ta daina zubar da ruwa, abin da kan ɗauki sati biyu zuwa uku. A sa safar hannu, in babu a zura hannu cikin leda, a kwashe ɗan da mabiyiya da ƙasar da ta jiƙe, a ƙone ko a binne a rami mai zurfi nesa da rijiya. A wanke hannu da sabulu. Kada a sa hannu tsirara a jawo mabiyiyar da ta maƙale, a kira malamin dabbobi. Idan zai ɗauki samfuri don gwaji, gara ya zo kafin ɗan ya fara ruɓewa. Sabuwar dabba kuma a killace ta tukuna kafin ta shiga garke.

Yunwa tana da nata irin ɓarnar, kuma ta fi kama tumaki da awaki masu cikin tagwaye. Kusan kashi biyu cikin uku na girman ɗa yana faruwa ne a sati shida na ƙarshe. A daidai lokacin da uwa ta fi buƙatar abinci, 'ya'yan sun matse tumbinta ba ta iya cin da yawa. Idan wannan ya faɗo a bazara, harawa ta ƙare ko ta yi tsada, sai busasshen kara, to jikinta zai koma narka kitsensa don ciyar da su. Hanta ta kasa sarrafa kitsen, wasu sinadarai masu guba su taru a jini. Akuyar da ta saba rige-rigen zuwa kwano sai ta tsaya gefe guda, ta ƙi dusa, tana cizon haƙora, tana tafiya kamar makauniya tana karo da bango, numfashinta na wani ƙamshi-ƙamshi mai zaƙi. Bayan kwana biyu ko uku ta kwanta. Wadda ta kai ga kwanciya ba kasafai take tashi ba. Idan an gane da wuri, likita yana ba da ruwan sukari ta jijiya da wani magani ta baki, wani lokaci ya sa ta haihu ko ya yi mata aiki don ceton uwar. Mai ƙiba fiye da kima ma tana kamuwa, domin kitse ya cike mata ciki.

Maganin wannan yana rumbu. Tun da kaka ake ware harawar wake da ta gyaɗa saboda masu ciki. A sati shida na ƙarshe a riƙa ƙara dusa, kowa, tunkuza, angurya ko 'ya'yan gawo, daga tafi ɗaya har kusan rabin kilo a rana gwargwadon girman dabba, tare da gishirin lasa da ruwa isasshe. A hankali ake ƙarawa, domin hatsi mai yawa a tashi ɗaya yana tsamama tumbi har ya kashe. Dusar da ta yi funfuna a zubar da ita, ita ma tana sa ɓari.

Sai magungunan kasuwa. Dezametazon, wanda wasu masu kiwo ke yi wa dabba don ta yi kumari, yana zubar da cikin saniya da akuya idan cikin ya tsufa. Maganin tsutsar ciki na albendazol, idan aka bayar a makonnin farko na ciki, yana iya nakasa ɗan. Gargaɗin yana rubuce a jikin kwalba, sai dai mai tallan magani a kara ba kullum yake karanta wa mai saye ba.

Ƙarshen tafiyar dabba mayanka ce. Binciken da aka yi a kwatoci daban-daban na Nijeriya ya nuna ana yanka dabbobi masu ciki da yawa, musamman da rani lokacin da rashin abinci ke tilasta wa masu su sayarwa. Asara ce ga garken ƙasa, haɗari ne kuma ga mahaucin da ke farke mahaifa da hannu tsirara. Duba dabba kafin yanka shi ne aikin malamin dabbobi na kwata, kuma inda Sarkin Fawa ya mara masa baya aikin yakan yi tasiri. Tsokar nama ba ta cika ɗauke da ƙwayar bakkale da yawa ba. Hanta, saifa, ƙoda, hantsa da maraina su ne mazauninta. Wuta tana kashe ta, saboda haka naman miya da dambun nama ba su da matsala, amma hantar da aka gasa sama-sama, da tsire ko balangun da cikinsa ke da jini-jini, suna buƙatar a mayar da su kan wuta. Kilishi ma shanya shi a rana ba ta isa ba sai da gashin ƙarshe. Abin da wuta ba ta gamawa da shi shi ne ragowar magani. Dabbar da aka yi wa allurar oksitetirasaikilin mai daɗewa a jiki tana buƙatar sati uku zuwa huɗu, ko abin da aka rubuta a kwalbar, kafin a yanka ta, nononta ma yana da nasa kwanakin da ba a sha.