Sabunta Burauza Ba Ɓarnar Data Ba Ce

Da yawa daga cikinmu, daga Gusau har Tsafe da Bungudu, idan waya ta ce Chrome na neman a sabunta shi, sai mu ture saƙon gefe. Uzurin sananne ne: data ta yi tsada, sabis kuma sai a hankali da zarar an fita daga gari, ga shi ko an sabunta ba a ganin wani sabon abu.

Ba za a gani ba kuwa, domin aikin a ciki yake. Burauza, wato manhajar da muke shiga shafukan intanet da ita, an gina ta ne da miliyoyin layukan umarni, kuma Chrome da Edge da Opera duk tushensu ɗaya, Chromium. Kuskure guda a tushen nan na iya shafar su baki ɗaya. Shi ya sa injiniyoyi ba sa hutawa da toshe ɓaraka, har a 2021 Google ta koma fitar da sabon Chrome duk mako huɗu.

A Satumbar 2023 an gano ɓaraka a sashen da ke buɗe hotuna nau'in WebP. Hoton da aka shirya da mugun nufi ya isa ya ba ɓarawo hanyar shiga na'ura, Google kuma ta tabbatar an riga an fara amfani da ita. Cikin 'yan kwanaki Chrome da Firefox da Edge suka fitar da gyara, amma gyaran bai kai ga kowa ba sai wanda ya sabunta.

Akwai kuma abin da ya fi shafar mu. Burauza ɗaya ce ake so ta yi aiki a na'urori iri-iri, kuma kowace tsohuwar na'ura tana da nata layukan umarnin da ake dakonsu. Idan kayan suka yi nauyi sai a yi shara, a goge na tsofaffin. Chrome 109, na Janairun 2023, shi ne na ƙarshe ga Windows 7. A 2025 aka sallami wayoyi masu Android 8 da 9. A irin waɗannan na'urori burauzar za ta ci gaba da buɗewa lafiya lau, abin da ke ruɗin mutane ke nan, sai dai gyara ya daina zuwa mata, kamar gidan da aka daina yi wa yaɓe ana tsakiyar damina.

To, ka duba kwamfutar shagon da ɗanka zai cike fom ɗin JAMB ko na Jami'ar Tarayya ta Gusau. In Windows 7 ce a kanta, kada a shigar da lambobin katin banki a wurin. Haka tsohuwar wayar da aka gada daga yaya: a ji wa'azi, a kalli bidiyo da ita, amma harkar kuɗi a nemi wata. Masu POS, ku wannan ya fi kama.

Ɗabi'ar tura manhaja ta Xender ma a rage ta. Na san tana sauƙaƙa wa aljihu, amma abin da aboki ya turo maka wataƙila ya shekara biyu, kuma ba ka san hannun da ya bi ba. Shiga Play Store, rubuta sunan burauzarka, in ka ga Update ka danna. In data ce matsalar, jira ta dare mai rahusa.