Yadda Mutum Zai Faɗi Ko Shi Wane Ne da Turanci

Maganarmu ta yau a kan abu ne ƙarami ga ido, amma ya sha tsai da manyan mutane a bakin ƙofa, watau yadda mai koyon Turanci zai shaida wa baƙo ko shi wane ne.

Ku sani, Allah Ya ba ku nasara, kalmomin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, wanda kuwa ya haddace izu sittin ba su isa su hana shi barci ba. Wuyar tana wajen jeri. Mu Hausawa gaisuwa muke sawa gaba: a tambayi kwana, a tambayi gajiya, da iyali, da sanyi. Suna kuwa sai can daga baya, sau da yawa ma wani ne zai ce, "Ai wannan shi ne Alhaji wane." Mutum ya ambaci sunansa da bakinsa, muna ganin kamar da rashin kunya a ciki. Bature kuwa, da duk wanda ya ɗauki al'adarsa, suna yake fara nema. In ka tsaya jan gaisuwa, sai ya zaci ko ba ka ji shi ba, ko kuwa da abin da kake ɓoyewa.

Kada malami ya ga kamar wannan baƙon abu ne ga addini. Ya zo cikin Buhari da Muslim cewa Jabiru ɗan Abdullahi ya ƙwanƙwasa ƙofar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka tambaya ko wane ne, ya ce shi ne, bai faɗi suna ba, Annabi kuwa ya nuna bai so wannan amsa ba.

To, ga jerin, mun rubuta shi yadda kunne ke ji. Ka fara da "Gud monin" in da safe ne, kana ka ce "Mai nem iz Musa Ibrahim", in shi ne sunanka. Sa'an nan garinku, "Ai am furom Kano". Sa'an nan sana'a, "Ai am e tireda" ga falke, "Ai am e tica" ga malami. In shi ma ya faɗi nasa, ka ce "Nais tu mit yu", watau ka ji daɗin ganinsa. Akwai wata irinta mai farawa da harafin da babu shi cikin ajaminmu, wanda da fa muke rubuta shi, harshenmu kuma yakan mai da shi fa. A ganinmu mai koyo ya bar ta tukuna, wannan ta wadatar. In ya ce "Hau a yu", ba labarin gida yake nema ba, ka ce "Fayin, tank yu" ka yi shiru. Ka dube shi a ido, domin sunkuyar da kai da muke yi don ladabi, shi tsoro yake ɗaukarsa.

Kada ka kira kanka Mista, wannan wani ne ke kiranka da shi. Haka Alhaji da Malam, ka aje su a gida, don wanda bai san ƙasarmu ba yakan ɗauka su ne sunanka na yanka, har ya rubuta.

Nan muka zo ga abin da ya fi nauyi. Turawa suna da suna biyu, na mutum da na zuriya, wanda ɗa ke gada wurin uba, jika ma ya gaje shi. Mu ba haka muka taso ba. Da makarantun boko suka nemi suna na biyu, yara da yawa sunan garinsu aka ba su, shi ya sa muka sami Aminu Kano, da Sa'adu Zungur, da Shehu Shagari, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda da wannan suna ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 ya yi jawabi da Turanci. Yau mutum guda sai ka tarar a kasuwa sunan garinsu ake haɗa masa, a banki na mahaifinsa, a fasfo kuwa na kakansa. A Kantin Kwari wannan bai dami kowa ba, kowa ya san kowa. Amma falken da ya sauka Dubai ko ƙasar Sin, ya faɗi suna ɗaya da baki, takarda ta nuna wani, yana iya wuni a tsaye kafin a ba shi kuɗin da aka aiko masa, ko kaya su kwana a tasha ana neman mai su. Saboda haka ka buɗe fasfonka ka duba abin da aka rubuta a gurbin sunan zuriya, wanda suke kira "sanem", shi za ka riƙa faɗa daga ƙarshe, ka kuma koyi jera haruffansa ɗaya ɗaya da Turanci, domin lalle za a ce ka jera.